Tsohon Hafsa da Ludayin Warsini

Warsini mai kofi a kasuwar Surabaya tana kallon wani dogon tsoho. Ƙofar shagonta ta fi shi tsawo, amma sai da ya sunkuya ya shigo, yana sanɗa, ya zauna ya nemi kofi, yana magana ƙasa-ƙasa. Ta san irinsu: hafsoshin jirgin yaƙin ƙarƙashin teku, waɗanda ƙarar cokali kan tona wa asiri.

Da gangan ta saki ludayin ƙarfe a ƙasa.

Ya ƙame, yatsa a baki. "Shiru! Za a ji mu!"

"Haba Baba, yaƙin nan ya ƙare tun ina goye. Wa zai ji?"

Ya leƙa waje, ya ƙara nutsewa cikin kujera. "Matata. Tana rumfar kifi, kuma ta hana ni sukari. Ƙara cokali biyu, ki juya a hankali."