Wanda Ya Zuba Magimfa a Tafkin Kanya

Ina aji uku a sakandare na fara jin sunan Sanda. Mun je kasuwar Funtua ni da Kaka Bilki sayen busasshen kifi, sai tsohuwar da ke sayarwa, mutumiyar Maska, ta tambayi Kaka asalinta. Da ta ji, ta tafa hannu ta ce, "Ashe jinin Sanda Mai-ruwa ne! Mutumin da aka ce ko balbela sai da izininsa take sauka a tafki." Ta cika mana gyara. Kaka ba ta yi dariya ba. Sai da muka koma gida, tana ɓare kifin a faranti, ta ba ni labarin kamar yadda ta ji daga kakarta Lauratu, 'yar Sanda ta cikinsa.

Sanda manomi ne a wani ƙauye kusa da Maska, wajen shekara talatin kafin Turawa su shigo ƙasar Katsina. Dawa da gero yake nomawa, da 'yar auduga a bayan gida. Tsakanin ƙauyensu da unguwar Maguzawa akwai Tafkin Kanya, kuma duka ɓangarorin biyu da shi suka dogara.

Tafkin yana da doka. Da an gama girbi, Sarkin Ruwa zai kafa turke a bakinsa ya ƙulla masa kaba, an ɗaure ruwa ke nan. A sha, a yi wanki, a shayar da dabbobi, amma ba ƙugiya, ba homa. Sai bazara ta yi nisa, ruwa ya janye, kifi ya taru a tsakiya, sannan a sa rana a kwance kabar, kowa ya faɗa su, a kama kifi a yini ɗaya. Ƙananan kifi a mayar da su. Magimfa kuwa, ganyen nan da ake dakawa a zuba a ruwa kifi ya bugu ya taso, ko ranar su ba a yarda da ita ba.

Sarkin Ruwa a lokacin Maitama ne, Bamaguje, dattijo mai yawan ba'a, wanda ya gaji aikin daga ubansa. Don kada a ce ɓangare ɗaya ke riƙe da tafki, Musulmi sukan ba da mutum guda mai tsaro da rana. Sanda suka zaɓa, domin ba a taɓa kama shi da ƙarya ba.

"Malam Sanda," in ji Maitama in ya tarar da shi a gindin kanya, "tsaro kake ko gyangyaɗi?"

"Tasbihi nake, Baba."

"To ka riƙa yi da ido buɗe. Kai da kake kai goshi ƙasa sau biyar a rana, ai ka fi kowa kusa da sawun ɓarawo."

"Kai kuwa in ka taso daga gindin tulun giya, sawu ɗaya biyu kake ganinsa."

"Shi ya sa ba ya ɓace mini!"

Haka suka yi shekara huɗu.

A bazarar shekara ta biyar Inna, mahaifiyar Sanda, ta kwanta. Zazzaɓi ya tafi amma cin abinci bai dawo ba. A kawo kunu ta ture, a dama fura ta kau da kai. Wata rana da hantsi Sanda ya durƙusa gaishe ta, sai ta yi magana tana kallon bango. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Kai wannan, da zan sami romon tarwaɗa da na sha."

"Inna, saura kwana tara a kwance ruwa."

"Na sani. Bakin mara lafiya ne kawai, kada ka kula."

Ya dubi hannunta da ya koma kamar kara. Bai ga kwana tara a jikinta ba.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma ya san ta. Mara lafiya da mai ciki akan yi musu alfarma: a je wa Sarkin Ruwa, shi da kansa ya shiga ya kamo ɗaya ko biyu a gaban kowa. Amma Sanda ya tuna mutanen da ya kora daga bakin tafkin, da matan da ya ƙwace wa kwando. Ya ji a kunnensa ana cewa mai tsaro ne ya fara roƙo. Ya ji dariyar Maitama tun ba a yi ta ba. Sai ya ƙi zuwa.

Ƙugiya tana son zama, kuma mai zama ana ganinsa. Sai ya tuna yana saurayi ya ga masunta a wani rafi sun daka magimfa kwando guda sun zuba, kifi ya taso, suka kwashe, kafin la'asar ruwa ya washe kamar ba a yi ba. Magimfa kuwa ga ta a shingen Maitama, kan hanyar tafki. Da rana ta take, zafi ya kora kowa inuwa, ya sa lauje ya yanki runguma guda. Ya zaga wani lungu da ciyawa ta rufe, ya daka ganyen da dutse, ya tura cikin ruwa. Bai daɗe ba tarwaɗa uku suka taso suna lilo. Ya naɗe su a riga ya yi gida.

Inna ta sha romon har ta yi gumi, ta nemi ƙari. Ba ta tambayi inda aka samo ba, shi ma bai faɗa ba.

Washegari ihun mata masu ɗibar ruwa ne ya fito da gari. Sanda ya iso ya tarar shirwa sun cika sama, tafki ya yi fari fat da cikin kifi. Karfasa, tarwaɗa, manya masu ƙwai, har 'yan mitsi-mitsi da ba su kai yatsa ba. Sai a lokacin ya gane abin da ya yi. Rafi yana gudu ne ya tafi da dafin. Tafkin bazara ba inda yake zuwa.

Mai gari Aƙilu ya tara mutane a gindin kanya. Wani ya tsinto dakakken ganye a lungun, wani ya ce a je a dubi shingen Maitama, aka je aka ga sabon yanka.

"Ga ta nan a ƙofar gidansa! Su wa ke shuka ta in ba Maguzawa ba?" in ji mutane.

"Don ƙwarin awaki muke shuka ta," in ji Maitama. "Ni zan kashe tafkin da ubana ya bar mini? In ci me baɗi, laka?"

Mai gari ya juyo. "Sanda, kai ne idonmu a wurin nan. Jiya me ka gani?"

Sanda ya ce, "Ranka ya daɗe, da azahar na koma duba Inna. Ban san abin da ya faru a bayana ba."

"Ka taɓa ganin Maitama da ganyen nan a bakin ruwa?"

Kalma ɗaya ake nema, a'a. Amma in ya ce a'a za a ci gaba da tambaya. Ya sunkuyar da kai, ya yi shiru. Mutane suka ce kunyar abokinsa yake ji, suka ɗauki shirun a matsayin shaida.

Aka tuɓe Maitama. Aka hana unguwar Maguzawa shiga su shekara uku. Da aka zo neman wanda zai riƙe ruwa, bakin kowa ya faɗa kan mutum ɗaya. Sanda yana tsaye ana riƙe masa hannu ana cewa Allah ya taya riƙo, shi kuwa ji yake da ƙasa za ta tsage da ya shige.

Bayan kwana biyu Maitama ya zo da turken a kafaɗa. "Taso in nuna maka, kada ka ƙarasa sauran." Ya zaga da shi tafkin. Ya nuna masa ramin da manya ke ɓuya da ƙwai, wanda ba a taɓawa ko ranar su. Ya nuna masa saiwar kanya da in ruwa ya janye ya bar ta a fili lokacin kwancewa ya yi. Da suka gama ya aje turken.

"Yaya jikin tsohuwa?"

"Da sauƙi, Baba."

"Na ji ta fara cin abinci."

Maitama ya dubi ruwan, ya ci gaba.

"Malam, magimfa ta ruwa mai gudu ce. A gidanmu yaro tun bai yi kaciya ba ya san haka. Wanda ya zuba ta a tafki manomi ne." Ya juyo ya dubi Sanda. "Da ya zo ya tambaye ni, da hannuna zan kamo masa."

Ya jira. Sanda yana kallon yatsun ƙafarsa. Maitama ya kakkaɓe hannu ya tafi. Bai kai maganar gaban mai gari ba, don ya san ba wanda zai ɗauki tasa a kan ta Sanda. Bai sake yi masa ba'a ba, gaisuwa kawai. Shekara biyu bayan haka ya kwashe iyalinsa suka koma wajen Dayi.

Inna ta ƙara shekara huɗu a duniya. Tafki ya farfaɗo. Sanda ya riƙe ruwa shekara ashirin da shida, da tsananin da har yau ake labari, amma duk wanda ke da mara lafiya, kafin ya buɗe baki Sanda ya riga ya naɗe wando ya shiga ruwa. Kifi kuwa bai sake sa shi a baki ba, yakan ce ba ya karɓarsa. Sau biyu ya ɗaura wa jaki kaya zai tafi Dayi. Na farko ya juyo daga bakin gari. Na biyu ya kai har inda yake hango rumbunan garin, ya zauna a gindin wata ɗorawa har rana ta karkata, ya dawo ya ce hanya ba lafiya. Daga baya aka kawo labarin Maitama ya mutu.

Da ciwon ajali ya kama shi, ya sa aka kira Lauratu daga gidan mijinta, ya kori kowa daga ɗakin, ya faɗa mata duka, ya bar mata saƙo. Lauratu ba ta kai ba. Ta ce ba ta da fuskar da za ta tsaya gaban baƙi ta tuɓe ubanta. Ta ba jikarta Bilki, ita ma ta riƙe shekara sittin. Ranar da muka dawo daga kasuwa Kaka ta ce ita ƙafarta ta gaza, ni ce na yi karatu, saƙon nawa ne yanzu. Ta maimaita mini shi yadda ya fito daga bakinsa:

"Ki je Dayi ki nemi gidan Maitama. Kada ki aika, ki je da ƙafarki. Ki tara su, manya da yara, ki ce musu ubansu bai kashe tafki ba, Sanda ne. Kada ki ce don Inna na yi, kada ki nema mini sassauci. In sun zage ni, ki tsaya ki ji har su gama."