Inna Kulu da ta zauna a ƙofar rumbu

Da safen nan ina kan keken ɗinki, ban ko gama haɗa hannun rigar da ke gabana ba, wayata ta yi ƙara. Ɗiyar Inna Kulu ce daga Gummi, inda aka kai ta jinya. Ta ce, "Anti Asabe, Inna ta cika."

Na ce mata a'a. Wallahi haka na ce, sai ka ce shawarata ake nema.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na yi kukana har ya ishe ni. Yanzu kuma ku bar ni in yi alfahari da ita, don tsohuwar nan ta kama kokawa da masu sito ta kayar da su, kuma a kan idona aka yi.

Wanda ba ɗan garinmu Nasarawar Burkullu ba, bari in gaya maka yadda ake cin mu. Da kaka motocin 'yan sari za su shigo, gero ya yi arha, kowa kuma da buƙatar da ta matse shi, dole ya sayar. Su kwashe su kulle a sito. Ruwa ya zauna, rumbunan gida su ƙare, sai su buɗe su sayar mana da geron da muka noma da hannunmu, da tsadar da sai ka dafe kai. In ka yi magana a ce kasuwa ce ta kawo haka.

Akwai wani Alhaji mai sito, ba zan kama sunansa ba, da ya taɓa gaya wa Inna Kulu hakan. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ina kasuwar take, Alhaji? Ni dai kai nika gani, da makulli cikin aljihu."

Ita ce ta mayar da adashenmu na mata ya koma na hatsi. Ta ware ɗaki guda a gidanta, mu dai rumbu muke ce masa. Da kaka kowace mace ta kawo abin da za ta iya. Ba a buɗewa sai marka, lokacin da yunwa ke shiga gidaje. Wadda ta ɗiba, in kaka ta zagayo ta mayar da daidai abin da ta ɗiba, babu ƙari. Kuma ko ƙwaya ɗaya ba a sayarwa.

Shekarar da maigidana ya rasu ba ni da abin kaiwa. Ta auno nata ta zuba, ta ce na Asabe ne.

Duk tsawon takabata da kununta nake karyawa.

Rigar farko da na ɗinka, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ta saka abarta ta tafi suna da ita, tana gaya wa mata wai sabon yayi ne daga birni. Kwastomomina na farko daga wurin sunan nan na same su.

Marigayi ya bar mini yara da gona ɗaya a bakin gari. Ita kaɗai ce abin da zan nuna wa yaran nan in ce ta ubanku ce. Sai ga shekarar da 'yan bindiga suka hana zuwa gonakin nesa, kowa ya dawo yana neman ta kusa. Alhaji ya ƙyalla ido a kan tawa. Ya aiko, na ce ba ta sayarwa ba ce. Ɗan aiken ya yi murmushi ya ce ba komai, za su dawo da marka.

Na gane. Jira yake hatsina ya ƙare.

Bai tsaya nan ba. Da bazara ya aiko wai zai saye rumbunmu gaba ɗaya, da farashin da ba mu taɓa ji ba. Mata suka ruɗe, kuma ban ga laifinsu ba, kowa da abin da ke damunta. Aka kira mitin a tsakar gidan Inna, ana ta cewa a sayar a raba. Ni dai ina gefe, na san abin da zan samu ba zai kai ni marka ba.

Inna Kulu ba ta yi gardama da kowa ba. Tabarmarta ta ja ta shimfiɗa a ƙofar rumbun, ta zauna ta miƙe ƙafa.

Ta ce, "Ku sai mashi yau, marka ta yi ku tahi ku saye shi hannunai da ninki. Wagga yarinya ko," ta nuna ni, "gonatta za ta ba shi. Don mi munka tara shi? Don mu koma masu sito mu ma?"

Ta gyara zama.

Ta ce, "To, wadda ka son buɗewa ta zo ta ɗauke ni tukuna."

Wanda ya san Inna Kulu ya san jikinta, Allah ya yi mata shi. Wata ta ce ai sai dai a ɗauko amalanke. Aka fashe da dariya, ita ma tana yi har da hawaye. Da wannan dariyar cinikin Alhaji ya watse.

Marka ta zo, hatsina ya ƙare ƙarƙaf kamar yadda ya lissafa. Ɗan aikensa ya dawo ya yi sallama a ƙofar gidana. Na ce ya jira ni ina zuwa. Na tafi gidan Inna, ta buɗe rumbu ta auna mini, na ɗoro a kai. Ba hanyata ba ce, amma sai da na zagaya ta gaban siton Alhaji, yana zaune a kan benci da mutanensa. Na gaishe shi da ladabi, na tambayi iyali, na wuce a hankali yadda zai ga buhun da kyau.

Jama'a, ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Da na iso gida ɗan aiken ya tafi, bai kuma sake dawowa ba.

Yau matan garin Adabka ma sun yi nasu rumbun, nan suka zo suka ga yadda ake yi. Bara kuma, ku ji wannan, matar Alhajin da kanta ta shigo da kwanon gero a ƙarƙashin hijabi. Inna ta karɓa ta zuba.

Ganina da ita na ƙarshe ranar da za a sa ta mota zuwa Gummi ne. Ta rame har ana iya ɗaga ta. Na durƙusa a gefenta, ta riƙe hannuna.

"Asabe, gona ta yi?"

Na ce ta yi, Inna, an yanke har an ɗaure.

Ta ce, "Madalla. Ki kai naki rumbu da wuri, kada ki tsaya jirana."

Ban tsaya ba, Inna. Na kai.

Gumbar sadakarki kuma da geron gonar nan za a daka ta, ni zan daka da hannuna, yaran da kika tsare wa gadon ubansu su za su raba.

Ya Allah, yadda baiwarka Kulu ta zauna a ƙofa ta tsare mana abincinmu, Ka tsare ta daga azabar kabari. Ka yafe mata, Ka yalwata makwancinta, Ka ciyar da ita daga abincin Aljanna.

Duk wanda ya karanta wannan, ko ka san ta ko ba ka san ta ba, don Allah kada ka wuce sai ka yi mata addu'a.