Silifas Ɗina a Tafkin Baba

Jiya na tarar da Baba mai lambu, wanda nake sayen alayyahu a wurinsa, yana tsamo ledoji da sanda a tafkin bayan Unguwar Shanu. Ruwan ya ja baya, ya yi baƙi, sharar damina duk ta fito fili.

Na ce, "Baba, su wa ke zubo muku shara haka?"

Ya ce, "'Yata, ba mai zuwa nan. Da hadari ya haɗu sai ku juye a kwata, ruwa ya kawo mana. Da shi nake shayar da alayyahunki."

Na duba cikin tarkacen, sai ga tsohon silifas ɗina, wanda na ɗaure da waya.

Jama'a, tsakani da Allah, taku sharar ina take zuwa?