Mutumin da Ke Duba Ɗaki Kafin Ya Haɗa Kwamfuta

Da an idar da sallar asuba, Malam Iliyasu ba ya komawa barci. Zai sha kokon da matarsa Kaltume ta dama, ya ɗaure jakar fata a bayan keke, ya bi hanyar da ta ratsa gonakin gero har cikin Ɗanbatta. Shagonsa yana bayan tasha, tsakanin mai gyaran takalma da mai sayar da iri. Kafin ya taɓa komai sai ya share, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera sukudirebobinsa daga babba zuwa ƙarami, sannan ya kunna wata tsohuwar rediyo da ta girmi yawancin masu zuwa wurinsa. Shekara talatin da takwas ke nan haka yake yi. Bana kuwa, da an gama kai amfanin gona gida, ya ce zai rufe, domin yanar ido ta kama shi, ƙananan noti sun fara ɓace masa a kan farin ƙyallen.

Waɗanda suka manyanta a yankin nan sun san shi tun yana mai gyaran rediyo. Allah sarki, zamanin da manomi zai naɗe rediyonsa a tsumma ya kawo ranar kasuwa, ya zauna a benci yana jira kamar ya kawo mara lafiya! Da ta yi magana sai ka ga dattijo yana dariya har da tafi. Daga nan aka shiga zamanin kaset, aka wuce zuwa bidiyo da gidajen kallo, duk yana nan a kan kujerarsa. Da kwamfuta ta zo, abokan sana'arsa suka ce wannan kam ta fi ƙarfinsu, wasu suka koma gona, wasu suka kama cajin waya. Shi sai ya riƙa shiga mota duk Alhamis zuwa Kano, da furfurarsa, ya zauna a gaban waɗanda ya haifi sa'anninsu yana tambaya. Ba kunya, ba girman kai, har ya iya.

Sai dai mutumin yana da wani hali mai ban haushi, kuma gara a faɗa tun da wuri. Saurayi zai zo da zumuɗinsa, ya rubuto sunayen kayan da ya gani a waya, yana son a haɗa masa kwamfutar buga gem, wato wasan kwamfuta. Malam Iliyasu zai karɓi takardar, ya ninke, ya sa a aljihu ko kallonta bai yi ba, ya ce, "A ina za ta zauna?" In ka ce a ɗakinka, sai ya ce to sai ya ga ɗakin. Haka zai tako kekensa har ƙauyenku, ya dubi rufin, ya dubi taga, ya tambayi inda wuta ke fitowa, ya tambayi wanda zai yi wasan da irin wasan da zai yi. Samari sun sha zaginsa a bayan ido, suna cewa tsohon nan ya cika ƙa'ida. Amma ka zagaya daga Ɗanbatta har Minjibir, ka nemo kwamfutar da ya haɗa ta ƙone, in ka samu.

Abin da ya sa aka ɗauki alƙalami yau shi ne labarin Naziru na Ɗorawar Malam. Naziru shi ne lamba bakwai na ƙungiyar ƙwallon ƙauyensu, saurayi mai gudu da surutu, wanda in yana wuri ba a jin muryar kowa. Shekara biyu da suka wuce ya hau gawo zai karkaɗo wa awaki 'ya'yansa, reshe ya karye da shi. Ya rayu, amma ƙafafu suka tafi. Da farko abokai sun riƙa cika ɗakinsa. A hankali suka janye, ba don rashin so ba, sai don sun rasa abin faɗa. In sun yi zancen ƙwallo sai su ji sun yi laifi, in sun yi shiru sai zaman ya yi nauyi. Shi kuma ya juya fuska bango. Abinci sai an lallaba, magana sai an tambaya sau uku. An kawo keken guragu an jingine a tsakar gida, ya ce kada a ƙara nuna masa shi.

Yayarsa Aina'u, malamar firamare, ita ce ta kasa daurewa. Ta ga ƙaninta yana ƙarewa a kwance alhali ciwon jikin ya warke. Ta taɓa jin yana cewa, tun yana da lafiya, wata rana sai ya mallaki kwamfutar da ake buga ƙwallo a ciki. Ta tara 'yan gida ta faɗa musu, suka yarda a sayar da gyaɗar da suka noma a gwada. Babban wansu Zubair, ɗan kasuwar hatsi, ya ce shi zai je birni da kansa.

To, Zubair mutumin kirki ne, amma saye iri ɗaya ya sani a duniya. Ya shiga shagon kayan kwamfuta ya ce a nuna masa katin hoto, wato abin da ke zana wasan a kan allo. Aka jera masa guda huɗu. Ya ɗaga wannan, ya ɗaga wancan, yana auna nauyi a hannu kamar mai zaɓen ragon layya, ya ɗauki wanda ya fi girma, mai fanka uku. Kusan duk gyaɗar a nan ta tafi. Abin da ya rage ya tsinto sauran kayan na hannu, ya taho yana murmushi, shi a ganinsa ya gama wa ƙaninsa gata.

Shi da Aina'u suka sauke kwalin a kan farin ƙyallen Malam Iliyasu. Tsohon ya shafa katin, ya jinjina kai, ya ce, "Ma sha Allah. A ina za ta zauna?"

Zubair ya ce, "Haba Baba, kayan nan fa sun zo. Ɗaurewa kawai za ka yi."

Ya ce, "Ɗaurewa ai ko kai ma ka iya. Gobe bayan la'asar ina tafe."

Ya je kuwa. Ya tarar da ɗakin ƙasa mai rufin kwano da 'yar taga ɗaya, ga zafin bazara kamar a gasa mutum. Wutar gidan duka sola ce, faranti biyu da batir ɗaya, da ita ake cajin waya da kunna fankar mara lafiya. Ya duba wannan duka. Sannan ya jawo kujera ya zauna kusa da gadon. Naziru bai juyo ba.

Malam Iliyasu ya ce, "An ce kai ne lamba bakwai."

Can Naziru ya ce wa bango, "Da ne."

"Wa ke ba ka ƙwallo a fili?"

Aina'u ta fara share ido a bakin ƙofa. Sannan Naziru ya ce, "Abdulhadi. Amma ba ya bayarwa da wuri, son kansa ya yi yawa."

Aina'u ta ce rabon da ta ji ya haɗa magana mai tsawon wannan, an fi wata biyar. Malam Iliyasu bai ƙara tambaya ba. Ya miƙe, ya yi sallama, ya kira Zubair waje gindin darbejiya.

Ya ce masa, "Katin nan sai an mayar."

Zubair ya ɓata rai. "Baba, shi ne fa babba a shagon gaba ɗaya! So kake a ce na yi wa ƙanina rowa?"

Ya ce, "Zubairu, kai manomi ne. In ka ɗaura garma a wuyan ƙaton bijimi da ɗan maraƙi, yaya kunyar za ta fito?"

"A karkace."

"To abin da ka sayo ke nan. Katin ƙato ne, amma furosesar da ka haɗo shi da ita, wadda ita ce ƙwaƙwalwar, ba za ta iya bin sa ba. Ga shi da cin wuta. Batirin gidanku ba zai riƙe shi rabin awa ba, sai dai a kashe wa yaron fanka. A ɗakin nan kuma, da zafin nan, kafin damina ya dafa kansa. Wasan ƙwallo ba ya buƙatar wannan duka."

Zubair ya yi ta huci, amma Aina'u ta ce a bi maganar Baba. Ranar Alhamis Malam Iliyasu ya ajiye aikinsa ya raka Zubair birni. Mai shagon ya san tsohon shekara da shekaru, ya yarda aka yi musaya. Malam Iliyasu ya zaɓi ƙaramin kati mai fanka ɗaya wanda ba ya shan wuta, da furosesa daidai ƙarfinsa, da mazabod ɗin da ta dace da ita, wato faifan da ake jona sauran kayan a kai. Memori kuwa, inda kwamfuta ke riƙe aikin da take ciki, ya ce a ba shi guda biyu matsakaita maimakon ƙato ɗaya, domin sun fi sauri in suna aiki tare. Ya ƙi ma'ajiya mai faifan da ke juyawa, ya ce ɗaukewar wuta na lalata ta, ya ɗauki irin ta zamani. Inda ya fi daɗewa shi ne wurin akwatin da ke raba wa sauran kayan wuta. A nan ya ce ba a neman araha, don in ya yi gardama kowa yake ja ya mutu tare da shi. Gidan kwamfutar ma ya zaɓi mai raga-raga, wanda iska ke ratsawa, ya bar masu gilashi da fitilu kala-kala da Zubair ke ta leƙe.

Da suka gama sai ya ce a kawo fad, abin riƙewa da ake buga wasan da shi. Ya ce guda biyu.

Zubair ya ce, "Biyu kuma? Ai shi kaɗai ne a ɗakin."

Malam Iliyasu ya ce, "Shi ya sa."

Kwana uku ya yi yana haɗawa, aikin da a da yake gamawa kafin azahar. Yana kai fuska dab da mazabod, yana lalube da yatsa inda ido ya gaza. Da ya kai ta Ɗorawar Malam ya kunna, bai miƙa wa Naziru komai ba. Ya ajiye fad ɗaya a kan gado, ɗaya a kan kujerar da ke gefe, ya fita ya aika a kira masa Abdulhadi, wai yana son wanda zai gwada masa na biyun ko yana aiki. Abdulhadi ya shigo yana sunkuyar da kai don kunyar daɗewar da ya yi bai zo ba. Ba a yi minti ashirin ba Aina'u ta jiyo daga tsakar gida ana ihu, "Ka bayar mana! Kullum haka kake, ka bayar!" Ta ce taɓaryar da take riƙe da ita ta saki, ta zauna a ƙasa ta yi kuka.

Kai ne, Malam Iliyasu na Kaltume, mai sukudireba a bayan kunne. Kai ne aka kawo wa kwali, ka ce sai ka ga mutum. Da ka so, da ka ɗaure abin da aka kawo ka sallame su, ba mai zarginka. Ka taka keke cikin rana da ido mai hazo, ka sha fushin Zubair, ka rufe shago ranar ciniki, duk saboda wani saurayi da ko juyowa bai yi ya kalle ka ba.

Ranar Lahadin da ta wuce yana kwashe kayan shago, ya naɗe farin ƙyallen, sai ga adaidaita sahu ta tsaya a ƙofa cike da samari suna musu. Suka sauke keken guragu, suka ɗauko mutum suka ɗora. Malam Iliyasu bai gane fuskar ba sai da ya ji muryar, don ta danne ta kowa. Wannan ce fitar Naziru ta farko daga gida tun ranar da aka dawo da shi daga asibiti.

Ya ce, "Baba, an ce za ka rufe, shi ne na ce sai na zo da kaina. Ƙara muka kawo. Fad biyu sun yi mana kaɗan, kullum sai an yi faɗa. A ƙaro biyu."

Tsohon ya gyara murya ya ce, "To, sai na ga ɗakin."

Naziru ya ce, "Wane ɗaki? Ai mun fito da ita zaure tun watan jiya. Ɗakin ba ya ɗaukar mu."

Malam Iliyasu ya juya baya yana goge fuska da hannun riga, yana cewa idon nan ya dame shi da ruwa. Ba wanda ya ƙaryata shi.

Mun gode, Malam. Allah ya saka da alheri, ya ba da sa'ar aikin idon da za a yi maka, ya sa hutun ya zama mai albarka. Ku kuma masu tasowa da kuka gaji sana'ar, kun fi shi sanin sunayen kaya, ba musu. Amma in an ɗora muku kwali a kan tebur, ku daure ku tambayi inda za ta zauna da wanda zai zauna a gabanta, in ta kama ku taka ku je ku gani.