Sharar da Aka Yi wa Gizo-gizo a Dundaye

Har yau ban manta da ranar da karamci ya kusa jawo wa ɗalibarmu maimaita shekara ba. Lokacin ina ma'aikacin ɗakin gwaji a sashen nazarin halittu, ni nake raka ɗalibai aikin fili.

Ɗalibar, Hadiza, tana bincike a kan wani gizo-gizo da ba ya saƙa a bango. Rami yake haƙawa, ya yi masa murfi kamar faifai da ƙasa da yanarsa, ya laɓe yana jiran ƙwaro. Ko ka tsuguna a kansa ba za ka gan shi ba. Mun sha rana kafin muka samo ramukan a gindin wata tsamiya, a gonar Malam Buba a Dundaye. Kowane rami muka soka masa tsinken tsintsiya a gefe don alama.

A ƙa'ida, sai farfesa daga wata jami'a ya gani da idonsa kafin a karɓi aikin, kuma a ranar zai koma. Muka shaida wa Malam Buba babban baƙo na tafe.

Da muka iso da farfesa, me za mu gani? An share gindin tsamiyar fes, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarmi, ga fura a ƙwarya. Tsinke ko ɗaya babu.

Hadiza ta ce, "Baba, mi kunka yi haka?"

Ya ce, "Ɗiyata, farfesa guda shi taho gonata in aje shi cikin datti? Ai kunya ta."

Ta juya baya tana share hawaye. Farfesa kuwa ya tuɓe takalmi ya zauna, ya ce ba ya duba komai sai ya sha furarsa. Na so in yi faɗa, amma da wa?

Da ya gama, na naɗe tabarma don kawai in samu abin yi. Ashe ƙasa ta sha ruwa ta yi duhu, murafen kuwa sun riga ta bushewa. Ga su nan fari-fari, har da waɗanda ba mu taɓa gani ba. Hadiza ta ɗaga ɗaya da tsinke, maigidan da ke cikin ramin ya fizge ƙofarsa ya rufe. Farfesa ya yi dariya ya sa hannu.

Shi ya sa nake gaya wa na baya: aikin fili da mutane ake yinsa. Ku sanar da mai gona komai, amma in kun ce baƙo na zuwa, ku fara roƙonsa ya ɓoye tsintsiya.