Yashin Boma

Ku matso in ba ku labarin da har yau in na tuna nakan ji fuskata ta ɗau zafi.

Shekarar da 'yata ta haifi na biyu ta ɗauko ni daga gida zuwa Springfield, can ƙasar Turawa, in riƙe mata yara, don ita likita ce, kullum tana asibiti. Ni ba mai fita ba ce, Turancina bai wuce gaisuwa ba. Amma akwai wani tsoho Bature da gidansa ke kallon namu, shi kaɗai, yana tafiya da ƙarfen dogarawa. Duk ranar da na soya waina sai in aika masa.

Wata Lahadi da la'asar ya lallaɓo da kansa ya maido kwano, sanye da hular tsofaffin sojoji. Na ajiye masa waina, 'yata ta ba shi kujera tana yi mana tafinta. Ta ce, “Umma, wai ya yi yaƙin Jamus yana saurayi, gyaran jiragen sama yake yi.”

Bakina bai iya shiru ba. Na gyara zama na ce, “Gaya masa ni ma 'yar soja ce. Babana ɗan Boma ne!”

A garinmu duk wanda Ingilishi suka ɗiba yaƙin nan, ɗan Boma ake ce masa. Haka na taso na ji, haka nake faɗi da alfahari. Tsohon ya yi murna, ya ce in ba shi labari. Na saki baki: yadda Baba yake cewa a Boma yashi ne iyakar ganinka, ba itace ko ɗaya, ruwa da marfin gora ake auna maka, kana tauna tuwo kana tauna ƙasa.

Sai na ga 'yata ta rage murya. Tsohon ya yi magana a hankali, ita kuma ta ƙi fassara mini.

Na ce, “Ke, me ya ce? Ko kin haɗiye harshen ne?”

“Umma, wai Boma kurmi ce. Ruwan sama ne da laka. Babu yashi.”

“To Baba maƙaryaci ne ke nan?”

“A'a. Wai ba Boma ya je ba.”

Tsohon ya shiga jero sunayen garuruwan hamada, inda su da Ingilishi suka fafata da Jamus. Ban san ko ɗaya ba, sai da ya ce Bangazi. Kunnena ba ya mantuwa. Baba in ya yi shiru a zaure ya daɗe, aka ce, “Malam, lafiya?” sai ya ce, “Bangazi.” Mu duka mun ɗauka “ban gaji ba” yake cewa yana cin ƙarshen maganar. Inna har takan ce, “To madalla, tashi ka ci abinci.”

Na faɗa wa 'yata. Tsohon ya cire hula, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ya ga baƙaƙen sojoji a can suna sauke kaya a tashar jirgin ruwa. Ya tambaye ni aikin da Baba ya yi, da rundunarsa, da wanda ya rasa a can. Yana jira, ni ina kallon kafet. Mutum ya yi shekaru yana faɗa mana sunan wurin, muna miƙa masa tuwo. Yau Baba babu, Inna babu, sa'anninsa duk sun tafi. Abin da na iya cewa kawai, “Ki ce ya ƙara waina.”

Tsohon ya rasu kafin in koma gida. Yanzu jikokina sun fara tambaya, da Turancinsu, ina kakan uwarsu ya yi yaƙi. To ku gaya mini, in ce Boma yadda duk garinmu suka san shi, ko in ce Bangazi, su tambaye ni me ya yi a can in sake sunkuyar da kai?