Turbon Shitu da Hawan Mashigi

Duk wanda ya taɓa shiga motar Shitu Bakanike daga ƙauyenmu na ƙasar Gwashi zuwa kasuwar Bukkuyum ya san halin hannunsa na dama. Da zarar hanya ta ɗan sunkuya, ko gangarar ba ta fi ta bakin tabarma ba, sai ka ji ƙit, ya murɗe makulli, mota ta yi tsit tana gangarawa da kanta. Tsimin mai ke nan. Haka ya koya wurin maigidansa Almustapha, haka direbobin hanyar suke yi, sai dai Shitu ya fi su duka. Taubashina ne, Innarsa ƙanwar babana ce, don haka ina da ikon faɗa: ko a mafarki ya ga gangara, sai ya murɗe kunnen matarsa Safara'u.

Motar tsohuwar Golf ce, ta girmi rabin fasinjojinta. Tsakaninmu da babban titi kuwa akwai mashigin rafi, gangara doguwa, sannan yashi, sannan hawa mai tsaye kamar bangon rumbu. Nan kowa ke sauka a tura. Shekara goma sha ɗaya ana tura Shitu a wurin, ana yi masa ba'a, yana ramawa.

Ranar da ba'a ta ƙare, da damina ce, da hantsi. 'Yarsa Raihana, mai shekara huɗu, zazzaɓi ya kai ta ga jijjiga. Ya sa ta a baya kan cinyar uwarta ya nufi asibiti. A hawan mashigi motar ta yi nishi ta dawo da baya, ta sake, ta sake. Kowa yana gona, babu mai turi. Kafin a tara mutane rana ta yi tsaka. Sun haye, amma ba su kai titi ba Safara'u ta ce masa ya juya.

A ranar aka binne Raihana. Bayan sadakar arba'in ya tafi Gummi, ya dawo da wani baƙin ƙarfe a buhu, kamar dodon koɗi biyu manne da juna, wanda ya ciro daga wata matacciyar motar kaya Kanta. Ya ce sunansa turbo. Hayaƙin da mota ke zubarwa ta salansa shi ke juya fanka a ɓari ɗaya, ita kuma ta juya 'yar'uwarta a ɗaya ɓarin, ta cusa wa inji iska har ya sami ƙarfin da ba a haife shi da shi ba.

Jamilatu, taubashiyarsa mai sayar da fura a bakin gareji, ta leƙa buhun.

"Kai Shitu, mi kaka yi da wanga tukunya? Dambu za ka turara muna?"

"Ke dai ki dama furarki. Ran da ta tashi, ko gyalenki ba ya cim mata."

Wata bakwai yana kai. Ya yanka bututun famfon ban-ruwa ya yi walda, ya fashe, ya sake. Ya jawo tiyon baƙin mai daga inji zuwa cikin turbon, domin fankar tana gudun da in babu mai a jikinta sai ta cinye kanta. Garwashin da waldarsa ta zubar ya isa a gasa shanun Gwashi kaf. Ya ƙone gira, ya ƙone gemu, Inna ta ce in ya ƙone sauran fuskar ba ta san wanda za ta riƙa yi wa faɗa ba.

Ran gwaji motar ta yi wani fito, kaji suka watse har unguwa ta uku. Ya zuba mata wuta tun daga gareji, ƙarfen ya yi ja. Da ya iso gangarar mashigi, hannun nan ya yi abin da ya saba, ƙit. Inji ya tsaya, baƙin mai ya daina zuwa, fanka kuwa tana ta gudu a bushe cikin zafi. Da ya tayar a ƙasa sai ƙara da shuɗin hayaƙi. Aikin wata bakwai ya ƙone saboda man da bai cika ludayi ba.

Jamilatu ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta ga fuskarsa, ta rufe.

Sai da kaka ta yi ya samo wani turbon a Anka. Wannan karon aikin bai ba shi wuya ba, hannun ne ya dame shi. Ya gwada zagin hannun, ya gwada zama a kansa. Safara'u ce ta fito da ɗan awarwaron Raihana daga ƙasan akwati, ta ɗaure shi da zare a jikin makullin.

Damina ta zagayo. Wata ranar Talata bayan azahar Dodo makiyayi ya shigo gareji a guje, ko sandarsa babu. Matarsa Munira tun asuba take naƙuda, jini ya ɓalle.

"Shitu, don Allah. An ce motarka ta hi ta kowa."

"Ɗauko ta. Ka zo da mata biyu su riƙe ta."

Hanya ta jiƙe, gonaki sun cika da mutane, mashigi babu kowa, kamar waccan ranar. Da suka kai gangara hannun ya sauka da kansa. Yatsunsa suka taɓa awarwaron. Hannun ya tsaya a kai, sannan ya koma kan giya. Shitu ya taka totur, fiton ya tashi, yashi ya yi sama na rantse har ya rufe rana. Motar ta kama hawan, ta yi nishin nan da ya sani, amma ba ta dawo ba. Ta haye.

A ƙofar asibitin Bukkuyum aka shiga da Munira da ranta. Shitu bai fito ba. Ya bar inji yana aiki a hankali domin turbon ya huce, shi da yake jin ɗigon mai kamar jininsa. Mai gadi ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Malam, kashe mana, kana ƙona mai a banza."

"Bar ta ta huce," in ji Shitu.

Yana nan zaune, awarwaron a tafin hannunsa, har Dodo ya fito yana share ido da bakin rawani ya ce an samu mace, uwar ma tana numfashi. Shitu ya ce alhamdu lillahi. Sannan ya murɗe makullin.